Sabon Yisti Daga Ɓawon Itace



Duk wanda ya taɓa kwana a Jidda, ko da a kan hanyarsa ce ta zuwa Makka, na tabbata bai manta da ƙamshin da ke cika unguwanni bayan sallar asuba ba. Ƙamshin gurasar nan ce mai faɗi da ake kira tamis, wadda galibi mutanen Afganistan ke gasawa a tanderu, ana ci da dafaffen wake. In mutum ya tsaya a layi ya zuba ido, zai ga mai gurasa ya yaye ƙyallen da ya rufe kwaɓinsa, ga kwaɓi ya tashi ya cika mazubi, alhali sa'ad da aka ajiye shi bai kai rabi ba. Ni dai duk ran da na ga haka sai in tuna da ƙullun waina a gida. Akan markaɗa shinkafa da yamma, a rufe tukunya, a je a kwanta. Gari na wayewa sai a tarar ƙullu ya yi kumfa, ya yi tsami daidai, har a ɗan sa masa ruwan kanwa kafin a ɗora tanda. Iyayenmu mata sun daɗe suna wannan aiki tun kafin a fara sayar da yisti a ƙunshi a kantuna. To, mene ne ke tayar da ƙullun? Kuma ina yake zama sa'ad da babu ƙullu, babu kwaɓi, babu ma ɗan Adam a kusa? Tambaya ta biyun ita ce jigon jawabina na yau.

Yisti halitta ce mai rai, ɗan uwan naman kaza da funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Bambancinsa da su shi ne ƙwaya ɗaya tak ce jikinsa duka. Ƙanƙantarsa ta kai a jera wajen guda 200 kafin su cika milimita ɗaya. In ya sami sukari da ɗumi sai ya yi toho a gefensa, tohon ya girma ya ɓalle ya zama wani yistin, kuma yana iya maimaita haka kowace sa'a ɗaya da rabi. Cikin cin sukarin nan yakan fitar da iska da ɗan barasa. Iskar ita ce ke hura kwaɓi, barasar kuwa mafi yawanta wutar tanderu ke kore ta.

Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin waɗannan ƙwayoyi a 1680 da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa, amma bai gane masu rai ne ba. Sai a 1837 Theodor Schwann a Jamus da Charles Cagniard-Latour a Faransa suka ce rai gare su, manyan masanan sinadarai na zamanin kuwa suka yi musu dariya. Louis Pasteur ne ya kashe gardamar da gwaje-gwajen da ya yi tsakanin 1857 da 1860. Daga nan, a 1883, Emil Christian Hansen a Kwafanhagan ya gano yadda za a ware ƙwaya ɗaya a rene ta ita kaɗai ba gauraye. Yistin burodi da kowa ya sani sunansa a wurin masana Saccharomyces cerevisiae. Kalmar farko sunan dangi ce, ma'anarta da harshen Girka funfunar sukari. Ta biyun ita ce sunan jinsi. Ina roƙon ku riƙe wannan bambanci na dangi da jinsi, don za mu yi ta komawa kansa.

An daɗe ana zaton wannan yisti kamar tunkiya yake, watau dabbar gida ce da ba ta da zama sai a gindin mutum. Da aka fara leƙa daji da gaske sai aka ga ba haka ba ne. Shi da 'yan uwansa na dangin Saccharomyces suna nan a ɓawon itatuwa, da ruɓaɓɓen ganye, da ƙasar da ke gindin itace. Wanda suka fi so shi ne wani babban itace na ƙasashen sanyi da Turawa ke kira ok, Larabawa kuma ballut. A 2012 masana a ƙasar Sin suka sami yistin burodi yana zaune abinsa a tsofaffin dazuzzukan da gatari bai taɓa shiga ba, kuma a 2018 wani babban nazari da ya kwatanta samfura 1,011 daga ko'ina a duniya ya nuna cewa daga wannan yanki na gabashin Asiya asalinsa yake.

Bari in ba ku labarin wani ɗan dangin da aka gano ba da daɗewa ba, don ku ga yadda aikin yake. A kudu maso gabashin Faransa akwai wani ƙauye a kan duwatsu mai suna Saint-Auban, wanda ke da tsayin kimanin mita 1,000 daga doron teku. Daga ɓawon itacen ok na wurin da ƙasar da ke kewaye da shi aka sami wasu samfuran yisti guda biyu. Wata ƙungiyar masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Daniela Delneri ta Jami'ar Manchesta a Ingila, tare da Samina Naseeb da abokan aikinsu, suka yi nazarinsu, suka buga sakamakon a 2017, suka ce wannan jinsi ne da ba a taɓa sani ba. Shi ne na takwas a dangin.

Faɗin haka da baki ba wuya. Amma yaya mutum zai san cewa ɗigon fari da ya fito a farantinsa sabon abu ne, alhali a ido duk yisti kusan kama ɗaya gare su?

Matakin farko shi ne kamun. Yatsa ɗaya na ƙasa yana ɗauke da miliyoyin bakteriya da funfuna iri-iri, yistin da ake nema kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsu. In aka zuba ƙasar haka nan a faranti, sauran za su rufe shi ruf. Saboda haka sai a ɗana tarko. Yadda aka saba yi shi ne a kankaro ɓawo da wuƙa mai tsabta, a jefa shi cikin kwalba mai ruwan sukari da aka sa wa ɗan tsami, da maganin kashe bakteriya, da barasa kimanin kashi 7 ko 8 cikin ɗari. Yawancin halittu ba su jure wannan haɗi, dangin Saccharomyces kuwa gidansu ne. Bayan mako ɗaya ko biyu, in ruwan ya yi gurɓi ya fara kumfa, sai a ɗebi ɗigo a shafa a kan faranti mai murfi da aka zuba wa wani abinci mai kama da daskararren kamu, wanda ake yi da ciyawar teku. Kowace ƙwaya da ta faɗa wuri ɗaya sai ta hayayyafa ta zama ɗan tudu fari kamar ɗigon kindirmo. Daga cikinsu ake tsintar ɗaya a rene ta, kamar dai yadda Hansen ya koyar.

Mataki na biyu shi ne tambayar wane ne shi. A da, masana kan shafe makonni suna ba yisti abinci iri-iri, sukarin rake, da na madara, da na hatsi, har wajen iri arba'in ko fiye, suna rubuta wanda ya ci da wanda ya ƙi, suna duba zafin da yake jurewa. Har gobe ana yin wannan, domin dole ne ya shiga cikin bayanin sabon jinsi. Sai dai hanya ce mai ruɗi, don jinsi biyu na iya cin abinci iri ɗaya, kamar yadda Bahaushe da Bazabarme duk suna shan fura amma kowa da harshensa. A 1998 Cletus Kurtzman da Christie Robnett, na ɗakin binciken ma'aikatar gona ta Amurka da ke Peoria, suka sauƙaƙa al'amarin. Suka ɗauki wani ɗan yanki na sinadarin gado da ake kira DNA, mai haruffa kimanin 600, suka karanta shi a jinsunan yisti wajen 500. Suka lura cewa in samfura biyu suka bambanta da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na waɗannan haruffa, watau fiye da shida, to galibi jinsinsu dabam ne. Yau ɗalibi na iya aika samfurinsa a karanta masa, ya kwatanta da rumbun bayanai ta intanet cikin 'yan mintoci. Da aka yi wa samfuran Saint-Auban wannan karatu, sai aka ga sun fi kusa da wasu jinsuna biyu, mikatae da paradoxus, amma ba su yi daidai da ko ɗaya ba.

Mataki na uku shi ya fi burge ni, kuma duk wanda ya tashi a karkara zai gane shi nan da nan. Mun san jaki kan haye goɗiya ta haifi alfadari. Alfadari ga ƙarfi ga juriya, amma ba ya haihuwa. Wannan rashin haihuwa shi ne shaidar cewa jaki da doki jinsi biyu ne ko da yake danginsu ɗaya. To, yisti ma yana aure. Ƙwayoyinsa kashi biyu ne, suna haɗuwa su zama ɗaya, kuma in yunwa ta matsa wa abin da suka haifa sai ya ƙulla 'ya'yan iri guda huɗu cikin ɗan buhu. Masani kan zauna gaban madubi da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta, ya fasa buhun, ya jera 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a faranti, ya jira ya ga nawa za su tsiro. In iyayen jinsinsu ɗaya ne, kusan duka sukan tsiro. In jinsinsu dabam ne, da ƙyar a sami ɗaya cikin ɗari. Aiki ne mai cin ido da haƙuri, sai an fasa ɗaruruwan buhuna. Masanan Manchesta sun haɗa baƙon nasu da sauran 'yan dangi ɗaya bayan ɗaya, duk abin da aka haifa ya fito alfadari. Da suka haɗa samfuran biyu da juna kuwa, sai ga 'ya'ya suna tsirowa.

Daga nan sai raɗin suna, wanda shi ma da sharuɗɗansa. Akwai dokar duniya ta sa wa tsirrai da funfuna suna. Har zuwa ƙarshen 2011 wajibi ne a rubuta siffar sabon jinsi da Latinanci. Daga ranar 1 ga Janairun 2012 aka yarda a yi da Ingilishi, daga 2013 kuma aka wajabta yin rajistar sunan a karɓi lamba. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne ajiya. Dole a zaɓi samfuri ɗaya a ce wannan shi ne ma'auni, a daskarar da shi, a damƙa shi ga wata taska da kowane masani zai iya nema ya gwada da kansa. An ajiye na Saint-Auban a Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan, wadda ta fara tara irin waɗannan halittu tun 1904, da lamba CBS 14759, aka kuma ajiye shi a taskar yisti ta Ingila da ke Norwich da lamba NCYC 3947. Aka raɗa masa Saccharomyces jurei, don tunawa da Jure Piškur, ɗan ƙasar Sulobeniya, shehin malami a Jami'ar Lund ta Suwidin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan nazarin yisti ya rasu a 2014. A 2021 an sake samun wannan jinsi a kudancin Jamus, a ɓawon wani itace dabam.

Wataƙila wani mai sauraro ya ce, to, an sami ɗigon fari a kan dutse a Faransa, mu ina ruwanmu? Tambaya ce mai kyau. Kafin in amsa ta, ga wani abu da ya faru a Fotugal.

Akwai wani ɗan dangin mai suna kudriavzevii da aka sani daga Japan kawai, daga ruɓaɓɓen ganye. Masanan Turai sun sha kankarar ɓawon ok shekara da shekaru ba su taɓa ganinsa ba. A 2008 José Paulo Sampaio da Paula Gonçalves na Lisbon suka canza abu ɗaya. Maimakon su ajiye kwalabensu a zafin digiri 30 kamar yadda kowa ke yi, sai suka ajiye wasu a sanyin digiri 10. Sai ga kudriavzevii ya fito daga itatuwan Fotugal. Ashe yana nan tun fil'azal, sanyi yake so, a digiri 30 sauran ke rinjayarsa. Irin haka ta sake faruwa da wani jinsin, eubayanus, wanda masu kamfanonin giya na Turai suka daɗe suna neman asalinsa, don shi ne uba ɗaya na yistin da suke aiki da shi. A 2011 aka same shi can a dazuzzukan Fatagoniya na Ajantina. Aka yi ta mamakin yadda ya ƙetare teku. Sai a 2022 ɗalibai suka tono shi daga ƙasar harabar jami'arsu a Dublin. Kun ga ke nan, abin da masani ke samu ya danganta da inda ya je da irin tarkon da ya ɗana. In aka shimfiɗa taswirar wuraren da aka gano yisti, a gaskiya taswirar wuraren da masu bincike suka taka ce. Babban littafin da ke tattara jinsunan yisti ya lissafa kusan 1,500 a bugunsa na 2011, yanzu kuwa adadin ya kai wajen 2,000, kuma masana sun haɗu a kan cewa wannan ɗan tsagi ne kawai na abin da ke akwai. Turai, da Amurka ta Arewa, da Japan, da Sin an tona su sosai. Barazil da Tailan sun tashi tsaye sun bayyana jinsuna masu yawa daga dazuzzukansu. Inda taswirar ta fi zama fayau shi ne busassun ƙasashe masu zafi, daga Senegal, a bi ta ƙasar Hausa da Sudan, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Hijaz.

Mu dawo Jidda ke nan. Gari ne da ruwan samansa na shekara guda ba kasafai yake kai milimita 100 ba, wanda a watan Yunin 2010 zafinsa ya kai digiri 52. Ƙasarsa gishiri ce, iskarsa ma gishiri. Mutum zai iya ɗauka babu abin da zai rayu a ɓawon itace a irin wannan wuri. Haka aka zata game da hamadar Sonora ta Amurka da Meziko, har sai da Herman Phaff da William Starmer suka shiga cikinta a shekarun 1970, suka sami jinsunan yisti da ba su rayuwa ko'ina sai a ruɓaɓɓen jikin tsirran hamada masu ƙaya. Itatuwan Hijaz kuwa sanannu ne a wurinmu. Kurnar da ke bakin rijiya a Katsina ita ce Larabawa ke kira sidir. Akwai aduwa, akwai dangin farar ƙaya masu zubar da ƙaro. Darbejiyar da ta cika titunan Maiduguri da Maraɗi ita ce aka dasa dubbai a filin Arfa don alhazai su sami inuwa. A gaɓar teku kuma, arewa da kudu da Jidda, ga itatuwan nan da ke tsaye da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. Kayan aiki ma ba su yi wa garin ƙaranci ba. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana nan tun 1967, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi da aka buɗe a 2009 a Thuwal, tafiyar sa'a guda a mota. A ganina, in wani ya yi abin da mutanen Lisbon suka yi amma ya juya shi, watau ya ajiye kwalabensa a digiri 42 ko 45 ya ƙara musu gishiri, abin da zai fito zai shafi Sakkwato da Damagaram kamar yadda ya shafi Jidda, tunda itatuwan ɗaya ne, zafin ma ɗaya.

Amfanin yistin daji ba zato ba ne, an riga an gani. A shekarun 1950 Phaff ɗin nan ya ɗebo wani yisti daga ruwan da ke tsatsafowa a jikin itacen ok a Kalifoniya. Ba wanda ya san abin da za a yi da shi, aka dai ajiye. Daga baya aka gano yana iya cin wani sinadari mai arha da ake samu daga iskar gas, kuma in aka dasa masa wani yanki na gadon wata halitta yakan ƙera abin da aka umarce shi da yawan gaske. Yau ana kiransa Komagataella phaffii. Da shi wani kamfani a Haidarabad ta Indiya ya yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1997, abin da ya karya farashinta ƙwarai har ƙasashe matalauta suka iya saye, kuma da shi wani kamfanin a Bangalo ke yin insulin na masu ciwon sukari tun 2004. Ciwon hanta da ciwon sukari kuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu.

Juriyar zafi ita kanta dukiya ce. Yistin burodi ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 30, in aka haura 40 sai ya raunana. Shi ya sa masana'antar da ke yin man mota daga rake ko rogo a ƙasa mai zafi take kashe kuɗi mai yawa wajen sanyaya tankuna. A 2007 Farfesa Savitree Limtong ta Jami'ar Kasetsart a Bankok ta ware wani yisti mai suna Kluyveromyces marxianus daga ƙasa da ruwan wuraren sarrafa rake, wanda ke aiki lafiya lau a digiri 40. Abin sha'awa shi ne wannan jinsi yana cikin ƙwaryarmu. A 2012 masana daga Danmak da Gana suka binciki furar da ake yi a arewacin Gana, suka tarar yisti biyu ne suka fi yawa a cikinta, ɗaya shi ne marxianus ɗin nan, ɗayan kuma Pichia kudriavzevii, shi ma gwanin jure zafi da tsami.

Sai dai juriyar zafi takobi ce mai kaifi biyu, kuma a nan ne maganar ta zama ta rai da mutuwa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa funfuna da yisti ba su cika kama ɗan Adam ba shi ne zafin jikinsa, digiri 37, wanda ya fi ƙarfin yawancinsu. Duk wanda ya iya jure wannan zafi ya tsallake katanga ɗaya. Pichia kudriavzevii na cikin fura, wanda ba ya yi wa mai lafiya komai, shi ne likitoci suka daɗe suna kira Candida krusei in sun same shi a jinin majiyyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma maganin nan fluconazole ba ya jin sa. Sai a 2018 aka tabbatar ta hanyar karatun gado cewa sunaye biyun na halitta ɗaya ne. Akwai kuma Cryptococcus, yistin da ke zama a kogon itatuwa da kashin tattabaru, wanda ke haddasa wani irin sanƙarau da ke kashe mutum fiye da 100,000 a shekara cikin masu cutar ƙanjamau, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara.

Wanda ya fi tayar da hankalin asibitoci a wannan zamani shi ne Candida auris. A 2009 masana a Japan suka bayyana shi a matsayin sabon jinsi, daga kunnen wata dattijuwa a wani asibiti a Tokyo, shi ya sa aka sa masa auris, watau kunne da Latinanci. A lokacin ya zama kamar kowane sabon suna a mujallar masana. Cikin 'yan shekaru sai ga shi a Indiya, da Afirka ta Kudu, da Benezuwela, yana shiga jinin marasa lafiya, yana manne wa gado da na'urori makonni, magunguna da dama ba su taɓa shi. An buga rahoton samunsa a Saudiyya a 2018, a Nijeriya kuma a 2022, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin funfuna huɗu mafi haɗari. Abin lura a nan shi ne, shekaru da yawa na'urorin asibiti suna ba shi sunan wani yisti dabam, don babu shi a cikin jerin sunayen da aka ɗura musu. Ba don an riga an bayyana shi an ajiye ma'auninsa a taska ba, da ba a sami abin da za a kwatanta da shi a gane kuskuren ba. Yana girma a digiri 42, yana jure gishiri. A 2019 Arturo Casadevall da abokansa suka kawo ra'ayin cewa ɗumamar duniya ce ta horar da shi a daji har ya iya jure zafin jikin mutum. Ana gardama a kan wannan ra'ayi. Amma a 2021 ƙungiyar Farfesa Anuradha Chowdhary ta Jami'ar Delhi ta same shi a waje da asibiti, a fadamar gishiri da rairayin gaɓar teku a tsibiran Andaman. Duk wanda ya san gaɓar Bahar Maliya, da zafinta da gishirinta, ya kuma san Jidda ita ce ƙofar da miliyoyin baƙi ke bi kowace shekara, tsofaffi da marasa ƙarfi a cikinsu, zai so a ce an san abin da ke zaune a wannan laka tun kafin a gamu da shi a ɗakin jinya.

Saura maganar mallaka. A 1893 wani Bajamushe, Paul Lindner, ya bayyana wani yisti da aka samo daga giyar gero ta Afirka ta Gabas, ya sa masa pombe, kalmar da ke nufin giya da Sawahilanci. Da wannan jinsi Paul Nurse ya yi binciken yadda ƙwayar halitta ke rabuwa, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 2001. Afirka dai suna kawai ta samu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce ƙasar da aka ɗebi halitta daga cikinta tana da haƙƙin a nemi izininta a kuma raba riba da ita. Dokar ta yi kyau, amma ba ta amfanar wanda bai san abin da ke gonarsa ba. Jami'o'inmu, Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Abdu Mumuni a Yamai, duk suna koyar da ilimin ƙananan halittu, kuma kowace shekara ɗalibai na ware yisti daga kunun zaƙi, da nono, da lemon da ya ruɓe, don cika sharaɗin digiri. Abin da ke ba ni takaici shi ne inda aikin kan tsaya. A duba a madubi, a ba shi sukari iri biyar, a rubuta masa sunan da ya fi kama da shi a littafi, a ci jarrabawa. Farantin kuwa ya bushe a kan kanta, ko wuta ta ɗauke mako guda abin da ke cikin firji ya mutu. Wa ya san sau nawa aka riƙe sabon jinsi a hannu aka zubar da shi a kwata? Karatun haruffa 600 ɗin nan yanzu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi wuya shi ne injin daskarewa mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri wanda wutarsa ba ta yankewa, da mutum ɗaya da za a biya shi albashi shekara talatin don ya kula da shi kawai.

Lokaci kuma yana tafiya ta wani gefen. Mai wainar da a da take barin ɗan ƙullun jiya a gindin tukunya don ya tayar da na yau, tana renon wasu halittu ne da ta gada daga uwarta, ko da ba ta san sunansu ba. Yanzu ƙunshin yisti na kanti ya fi sauri, ya fi tabbas, kuma ba na ganin laifinta in ta koma gare shi, tunda ciniki take yi. Jinsi ɗaya ne a cikin ƙunshin, wanda mai tamis na Jidda da mai burodi na Fagge duk suke zubawa. Kurnar da ke bayan gida ita ma ana sare ta a yi gawayi. Wanda ke son ya fara wannan aiki ba ya bukatar jirgi zuwa Fatagoniya. Kwalabe ashirin masu murfi sun isa, da wuƙa, da akwatin ɗumi guda biyu, ɗaya a digiri 30 ɗaya a 45, da littafin da zai rubuta sunan itacen, da garin, da ranar da ya kankari ɓawon.